Kunnen Ƙarfe: Bayani a kan Canja Shi da Daidaita Shi a Jikin Jitar Lantarki

1. Asalin magana

A kakar da ta wuce na halarci wani biki a wani ƙauye da ke tsakanin Bichi da Ɗambatta. Wanda ya san wannan yanki ya san ƙasa ce wadda gona ke haɗe da gona, ba ka tafiyar rabin sa'a ba ka tarad da gidaje ba, saboda haka in an gama girbi aka kunna lasifika a wannan ƙauye, sai a ji ta a na gaba. An gayyato wani mai gurmi, aka ɗaure masa makirfo a jikin ƙwaryar gurminsa da tsinken roba. Da ya soma kiɗa sai lasifika ta kama kuka, in an rage murya gurmi ya ɓace cikin hayaniyar jama'a da rurin janareto, in an ƙara kuka ya dawo. Daga ƙarshe aka sallame shi da ɗan abin hasafi, aka sa waƙoƙin faifai, samari suka shiga fili.

Washegari na kai maganar wurin wani mai gyaran rediyo a kasuwa. Ya ce mini ai maganin abin yana jikin jitar lantarki, har ya ɗauko wata tsohuwa da aka kawo masa gyara daga birni, ya kwance ta ya nuna mini. Mutumin nan ya san aikinsa ƙwarai. Amma na lura duk sa'ad da ya zo kan sunan wani abu sai ya tsallaka Turanci, yaron da ke koyon aiki wurinsa kuwa yana haddace sunayen ba tare da ya san abin da su ke nufi ba.

Jita dai baƙuwa ce a karkarar Kano. Inda a ke samunta shi ne majami'u da wuraren kiɗa na Sabon Gari, da ɗakunan ɗaukar waƙa na cikin birni, da kuma ƙasar Nijar, inda makaɗa irin su Bombino na Agadas da ƙungiyar Tal National ta Yamai suka mai da ita 'yar gida. Duk da haka na ga ya kamata a yi bayanin wannan ɗan abu da Hausa, saboda dalili biyu. Na fari, babu wani abin koyar da ilmin maganaɗisu da ya fi shi sauƙin nunawa a aji. Na biyu, wanda ya fahimce shi zai san abin da zai yi wa gurmi da kuntigi da goge, don kada lasifika ta kore su daga filin biki.

2. Sunan abin

Hausa tana da hanya uku na sa wa baƙon abu suna. Ko ta ari kalmar ta gyara ta bisa ga tsarin gaɓoɓinta, kamar yadda aka sami lasifika da sukurudireba da ita kanta jita. Ko ta ƙera suna da ɗafa-goshin ma-, kamar mabuɗi da matsefi. Ko kuwa ta kwatanta abin da wata gaɓa ta jiki, kamar bakin rijiya da wuyan riga da gindin itace.

Masu gyara sun bi hanya ta fari, suna cewa fikof. Aibin wannan shi ne kalmar ta riga ta shigo mana da wata ma'ana, watau motar nan a-kori-kura, ga shi kuma ba ta gaya wa ɗalibi kome a kan aikin abin. Hanya ta biyu za ta ba mu maɗauki, amma ba a san me ya ke ɗauka ba. Ni na zaɓi ta uku, na ce kunnen ƙarfe. Harafin -n na mallaka a nan yana ɗauke da ma'ana biyu, kuma duka gaskiya ne: kunne ne da aka yi da ƙarfe, kunne ne kuma wanda ba ya jin kome sai motsin ƙarfe. Mai karatu ya riƙe ma'ana ta biyu, gama a kanta dukan bayanin nan ya dogara.

Sauran sunayen ba sai mun je aro ba. Zaren da a ke kaɗawa tsirkiya ne, kamar na molo da garaya. Abin da tsirkiya ke hawa a kan cikin jita jaki ne, kamar yadda masu goge ke faɗi. Ƙananan ƙarafan da aka gitta a wuyan jita zan kira su gaɓoɓi, don sun yi kama da gaɓoɓin kara.

3. Yadda ya ke aiki

A shekarar 1831 wani masani na Ingila, Michael Faraday, ya gano cewa in aka naɗe waya kusa da maganaɗisu, sa'an nan ƙarfin maganaɗisun da ke ratsa naɗin ya canja, to, wutar lantarki za ta motsa cikin wayar. In ƙarfin ya tsaya cik, ba wuta. Wannan ka'ida ce ke aiki cikin janareto, da ɗan injin fitilar keke wanda ke gogar taya.

Kunnen ƙarfe ba wani abu ba ne illa wannan. Akwai turaku 6 na maganaɗisu, kowace tsirkiya da nata. An kewaye su da wayar jan ƙarfe siririya kamar gashin kai, an naɗa ta wajen sau 8,000. Tsirkiyar jita kuwa ta baƙin ƙarfe ce, saboda haka tana zaune cikin ƙarfin maganaɗisun. Da an kaɗa ta, sai ta riƙa girgiza wannan ƙarfi, wuta 'yar kaɗan wadda ba ta kai bolt guda ba ta riƙa kai da kawowa cikin naɗin daidai da kaɗawar tsirkiya. Tsirkiya mafi kauri tana kaɗawa sau 82 a sakan guda, mafi siranta sau 330 ko kusa da haka, wutar ma haka. Amfilifaya ta ƙarfafa ta, lasifika ta mai da ita sauti. Ka ga ashe kunnen nan ba ya jin iska sam. Makirfo shi ke jin iska, shi ya sa ya kan ji muryar lasifikar da ya ke ciyarwa, ya sake mayar mata, har abin ya zama kukan nan da ya kori mai gurmi.

Shekara 100 daidai bayan Faraday, a 1931, George Beauchamp ya haɗa jita ta fari mai irin wannan kunne a birnin Los Angeles na Amurka, aka soma sayar da ita a 1932. A 1954 kamfanin Fender ya fito da jitar Stratocaster mai kunne 3. Amma kunne mai naɗi guda yana da aibi: ya kan kwashi gurnanin wutar gida, wadda a Nijeriya ke juyawa sau 50 a sakan. Seth Lover na kamfanin Gibson ya yi maganin wannan a 1955, aka soma sa shi a jitocinsu a 1957. Ya jera naɗi biyu, ɗaya ya saɓa wa ɗaya wajen tafiyar wuta, maganaɗisunsu ma ɗaya arewa a sama, ɗaya kudu. Gurnani da ke zuwa daga waje ya shiga naɗin biyu a saɓe, ya kashe kansa. Motsin tsirkiya kuwa an juya shi sau biyu, don haka ya haɗu ya ƙaru. Wannan zan kira shi tagwayen kunne. Muryarsa ta fi kauri, ta mai naɗi guda ta fi kaifi.

4. Canja kunne

Kada a yi gaggawar canja kunne, gama sau da yawa laifin ba nasa ba ne. A fara duba igiyar da ke zuwa amfilifaya, da ramin da a ke soka ta, da mamurɗin murya. A ƙasarmu ƙurar hunturu ta kan shiga mamurɗi ya riƙa ƙarƙara, laimar damina da gumin hannu su sa tsatsa, maganaɗisu kuma ya kan tara garin ƙarfe a kan turakunsa. In duk waɗannan lafiya, a sa mita a auna tirjiyar naɗin. Mai naɗi guda ya kan nuna wajen om 6,000, tagwaye wajen 8,000 ko fiye. In mita ba ta motsa ba, waya ta tsinke a ciki. In ta nuna kusan sifiri, wayoyi sun haɗu inda bai kamata ba. A nan ne canji ya wajaba.

Ga yadda a ke yi. A sassauta tsirkiyoyi ko a cire su, a kwance murfin. Kafin a taɓa kome a zana hoton wayoyin a takarda, kowace da launinta da inda ta sauka, domin kamfanoni ba su yi ittifaƙi a kan launi ba, baƙar waya ta wannan ba lalle ta yi aikin baƙar waya ta wancan ba. Kunne mai naɗi guda waya biyu gare shi: mai ɗauke da sauti, wadda ke zuwa makunnin zaɓen kunne, da wayar ƙasa, wadda a ke liƙawa a bayan mamurɗi. A narke dalma a zare tsofaffin, a ɗaura sabon kunne da sukurorinsa da sufirin ɗinsa, a liƙa sababbin wayoyi a gurbinsu. Liƙi mai kyau ya kan yi sumul yana ƙyalli, wanda ya yi gudaji dusu-dusu zai saki ba da daɗewa ba. Kada a daɗe da ƙarfe mai zafi a bayan mamurɗi, don zafi na lalata cikinsa. A kuma tabbata wayar ƙasa da ke zuwa jaki ba ta tsinke ba, gama in ta tsinke gurnani ba zai bari a ji kiɗa ba.

Kafin a rufe, a haɗa da amfilifaya a ɗan ƙwanƙwasa turaku da bakin sukurudireba. In an ji ƙwas a lasifika, kunne na da rai. Abu biyu suka rage. Na ɗaya, mamurɗin da ya dace da mai naɗi guda shi ne na om 250,000, na tagwaye kuwa 500,000. In an sa tagwaye a kan ƙaramin, murya ta kan dushe. Na biyu, in an kunna sabon kunne shi kaɗai ya yi daɗi, tsohon ma shi kaɗai ya yi daɗi, amma da an haɗa su sai murya ta sirance kamar mai magana ta hanci, to, sun saɓa wa juna ne, ɗaya na turawa ɗaya na ja. Maganinsa a musanya wayoyin ɗaya daga cikinsu.

5. Daidaitawa

Nan ne aikin ya ke, nan ne kuma masu gyara da yawa su kan tsaya, su ɗaure sukurori su miƙa wa mai kaya. Yawanci kunne yana rataye ne a kan sukuru biyu, ɗaya a gefen tsirkiyoyi masu kauri, ɗaya a gefen sirara, da su a ke ɗaga shi ko a sauke shi. Kafin a taɓa su sai an gama gyara tsayin tsirkiyoyi a kan jaki, an kuma ɗaure kowace ta kai muryarta, in ba haka ba awon banza za a yi. Daidaitawa iri huɗu ce.

Ta fari, tsakanin kunne da tsirkiya. Ƙarfin maganaɗisu yana raguwa da sauri in an yi nisa da shi, don haka rabin milimita ma a kan ji bambancinsa. In kunne ya yi nisa, murya ta yi rauni, sai an ƙure amfilifaya, gurnani ya taso tare da ita. Mai koyo da ya ga haka sai ya ce bari ya matso da shi ƙwarai. Nan kuwa wata wahala ke jiransa, gama maganaɗisun da ke sauraron tsirkiya shi ne kuma ke janta. In ya matso ainun sai ya riƙe ta, sautin ya mutu da wuri, ya riƙa rawa kamar murya biyu na faɗa, har a danna gaɓa daidai a ji ta karkace. An fi jin wannan a tsirkiyoyi masu kauri, can gaɓoɓin kusa da ciki. Yadda a ke awo shi ne a danna tsirkiya a gaɓa ta ƙarshe, a auna daga kan turke zuwa ƙarƙashin tsirkiya. Ga kunne mai naɗi guda irin na da, a fara da milimita 2.4 a gefen masu kauri, milimita 2 a gefen sirara. Wanda ba shi da ma'auni ya sa tsinken ashana, kaurinsa kusan milimita 2 ne. Wannan awo mafari ne kawai, kunnen mutum shi ke yanke hukunci.

Ta biyu, tsakanin gefe da gefe. Tsirkiya mai kauri ta fi yawan ƙarfe, ta kuma fi faɗin lilo, saboda haka ta fi girgiza maganaɗisu. In aka bar kunne a miƙe sai ta danne 'yan'uwanta. Shi ya sa a ke karkata shi kaɗan, gefen masu kauri ya fi sauka. A kaɗa ta fari da ta shida bi da bi da ƙarfi ɗaya, a riƙa juya sukuru rubu'in kewaye, ana saurare, har su yi kai ɗaya.

Ta uku, tsakanin kunne da kunne. Kowa ya ɗaure igiya tsakanin itace biyu ya fizge ta, ya ga tsakiyarta ke lilo da faɗi, wajen ƙullin kuwa da ƙyar ta ke motsi. Haka tsirkiya. Kunnen da ke wajen wuya yana ƙarƙashin wuri mai faɗin lilo, muryarsa cikakkiya ce mai taushi. Na wajen jaki yana inda motsi ya yi kaɗan, muryarsa siririya ce mai kaifi. In an ba su tsayi ɗaya, na wuya zai rinjayi na jaki, makaɗi ya juya makunni a tsakiyar waƙa murya ta faɗi. Don haka a fara da na jaki, a kai shi inda ya fi daɗi, sa'an nan a yi ta sauke na wuya har su daidaita. Ka'idar ita ce a sauke mai ƙarfi, kada a ɗaga mai rauni ya wuce iyaka. Saboda wannan dalili ne masu ƙira su kan ƙara wa na jaki yawan naɗi, mai saye ya duba kada ya sa na wuya a gurbin na jaki.

Ta huɗu, tsakanin tsirkiya da tsirkiya. Tagwayen kunne yawanci suna da sukurori 6 a fuskarsu, kowace tsirkiya da nata. In ɗaya ta yi tsawa a sauke nata, in ta yi shiru a ɗaga. Amma turakun mai naɗi guda irin na da kada a buga su da guduma don a sauke su, gama wayar a jikinsu ta ke naɗe, tana iya tsinkewa.

Wani zai ce duk wannan wahala a kan rabin milimita? Amsar tana cikin harshenmu. Hausa harshe ne mai karin sauti, gaɓar kalma ko ta hau, ko ta sauka, ko ta faɗo daga sama. Makaɗanmu kuwa ba amo kaɗai su ke yi ba, su kan sa abin kiɗa ya bi hawa da saukar magana, har mai saurare ya gane taken wane a ke yi ba a buɗe baki ba. In sauti na ƙasa ya danne na sama, ko na sama ya mutu kafin ya kai kunnen na bayan fili, to, maganar ce ta ɓace. Wanda ya daidaita kunnen ƙarfe don Bahaushe ya saurara, sai ya gwada shi da take, ya tsaya daga nesa ya ji ko kalmomin sun fito.

6. Gurmi da kuntigi da goge

Yanzu mu koma ƙauyen da muka fara. Tun da kunnen nan ƙarfe kaɗai ya ke ji, gwajin farko mai sauƙi ne: a kawo maganaɗisu kusa da tsirkiya. In ya kama ta, kunnen ƙarfe zai yi aiki. Wayar birkin keke, wadda makaɗan karkara su kan warware su yi tsirkiya da ita, yawancinta tana kamuwa. Da irin wannan waya Mdou Moctar na Nijar ya haɗa jitarsa ta fari yana yaro. Saboda haka kuntigi mai tsirkiyar waya, irin kayan kiɗan da marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya shahara da shi, da gurmin da aka ɗaura wa waya, duka za su karɓi kunnen ƙarfe. Sai dai kada a ɗora shi a kan fata, don nauyinsa zai kashe ta. A gitta ɗan katako daga baki zuwa baki na ƙwaryar, a ɗaura shi a kai, a bi ka'idodin awo da muka faɗa.

Goge da kukuma kuwa tsirkiyarsu izgar doki ce, ga su kunnen ƙarfe kunnen uwar shegu zai yi. Haka duk abin kiɗan da aka ɗaura wa jijiya ko zaren roba. Su abin da ya dace da su wani iri ne dabam, wanda asalinsa binciken 'yan'uwa biyu ne na Faransa, Jacques da Pierre Curie, a 1880. Sun gano akwai duwatsun da in an matsa su su kan ba da wuta. A kan yi ɗan faifai da irin wannan abu, a manna shi kusa da jaki, ya riƙa jin rawar jikin abin kiɗan. Irinsa ne ke cikin ƙananan na'urori masu yin ɗan kuka, mai gyaran rediyo ba zai rasa shi cikin tarkacensa ba. Hausawa sun ce jiki ya fi kunne ji, don haka na kira shi majiyin jiki.

Akwai hasara da ya kamata a faɗa. Daɗin gurmi ba a waya kaɗai ya ke ba, yana cikin ƙwarya da fata, kamar yadda daɗin garaya ke haɗe da kacau-kacau na cebar da ke kan sandarta. Kunnen ƙarfe bai san da waɗannan ba, zai ba ka waya tsirara, gurmi ya koma kamar ƙaramar jita. Wanda ke son murya ta ainihi sai ya haɗa biyu, kunnen ƙarfe don ƙarfi, majiyin jiki don ɗanɗano, kowanne da mamurɗinsa, ya daidaita su kamar yadda a ke daidaita na wuya da na jaki.

7. Ga malamai

Abin da na ke roƙon malaman kwalejojin horon malamai, musamman masu koyar da fasaha kamar na Bichi, shi ne su gwada wannan darasi da Hausa tun daga farko har ƙarshe. Kayan aikin ba su da tsada: maganaɗisu daga matacciyar lasifika, siririyar waya daga tsohuwar taransifoma ta rediyo, wayar birki, katako, da ƙusa biyu. Ɗalibi ya naɗa da hannunsa, ya kaɗa waya ya ji ta a lasifika, sa'an nan ya cire ta ya ɗaura izga ya ji shiru. Wanda ya ji wannan shirun ba zai manta da ka'idar Faraday ba.

Sunayen da na kawo, watau kunnen ƙarfe da tagwayen kunne da majiyin jiki da turke da gaɓa, shawara ce. A kai su rumfar masu gyara da wurin makaɗa a ji abin da bakinsu zai karɓa, gama da ɗan gari a kan ci gari. Wanda ya sami sunan da ya fi nawa dacewa, ina roƙonsa ya aiko wa wannan Sashe, a buga shi a fitowa ta gaba.